Safar Ƙafa Daga Ragowar Zare: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk gidan da ake saƙa ba ya rasa wata leda ko tsohon gwangwanin madara da aka cusa guntayen ulu a ciki. Ga ragowar hular jariri, ga abin da ya saura bayan an gama rigar sanyin ɗan makaranta, ga wani jan zare da aka saya don a yi baki kawai, ko kwatansa ba a ci ba. Babu wanda ya isa ya yi wani abu shi kaɗai, zubarwa kuma asara ce, sai a yi ta ajiya har ledar ta ƙi ɗauruwa. To a cikin duk abin da ake saƙawa, safar ƙafa ce ta fi dacewa da irin wannan tarkace. Ba ta cin zare da yawa, ratsi-ratsi yana yi mata kyau, in kuma wani launi ya ƙi jituwa da na kusa da shi, takalmi da ƙafar wando za su rufa asiri.

Sai dai safa ba hula ba ce. Hula a kai take zaune, ba mai taka ta. Ita kuwa safa nauyin mutum gaba ɗaya take ɗauka, takalmi na gugar ta ta waje, dunduniya na gugar ta ta ciki, ga gumi. Saboda haka mai haɗa guntaye ya zaɓi launi yadda ransa ke so, ƙafa ba ruwanta da launi. Abu biyu ne ba a wasa da su: irin abin da aka yi zaren da shi, da kuma kaurinsa. Safar da ta huje cikin mako biyu, ko ta saki ta tattare a cikin takalmi, in aka bincika galibi a ɗaya daga cikin biyun nan aka yi sake.

Wane zare ne a cikin ledar?

Mafi yawan ulun da ake sayarwa a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne. Akirilik ne, zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara fito da shi kasuwa a wajajen 1950 da sunan Orlon. Yana da araha, yana jure wanki, launinsa ba ya saurin koɗewa, asu ba ya cin sa. Aibinsa ɗaya ne a wajen safa, kuma babba ne: ba ya shan gumi. Ƙafafun mutum biyu suna da ƙofofin gumi kimanin 250,000, in kuwa zare bai tsotse abin da suke fitarwa ba, a kan fata yake zama. Wanda ya wuni da safar akirilik a cikin rufaffen takalmi ya san abin da ke biyo baya idan ya cire ta a bakin masallaci.

Gashin tumaki na gaske yana iya tsotse laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ko ya ɗan yi danshi yana riƙe ɗumi. Yana talewa ya dawo, shi ya sa yake kama ƙafa. Amma shi kaɗai ba ya jure guga. Wannan ne dalilin da ya sa zaren da ake yi musamman don safa, irin su Regia da Opal na ƙasar Jamus, ake haɗa shi kashi 75 gashin tumaki, kashi 25 nailan. Ƙwallo ɗaya na giram 100 yana ɗauke da zare mita 400 ko ɗan fiye, kuma yakan ishi babban mutum ƙafa biyu har a samu ragowa. Auduga kuma tana shan gumi, tana da sanyi a jiki, amma ba ta talewa. In ta saki ta saki ke nan, sai ta riƙa zamewa tana taruwa a idon sawu.

Guntun da ke cikin leda ya daɗe da rabuwa da takardarsa, to yaya za a gane shi? A yanko ɗan tsayin yatsa, a riƙe shi da hantsaki ko tsakanin cokula biyu, a kai shi ga ashana a kan farantin ƙarfe, da ruwa a kusa. Gashin tumaki yana wari irin na babbaka, yana ci a hankali, sau da yawa ya mutu da kansa, ya bar baƙin toka da ke murƙushewa a tsakanin yatsu. Akirilik yana narkewa yana ci da sauri, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Kada a taɓa akirilik da hannu kafin ya huce, domin yana manne wa fata.

Bayan an gane su sai a ware kowa da jinsinsa. Dalilin a wajen wanki yake fitowa: gashin tumaki yana tsukewa in ya sha ruwan zafi da cuɗa, akirilik kuwa ko a jikinsa. Safar da aka jera su biyun layi-layi, bayan wanki kaɗan za a ga wani wuri ya shaƙe, wani ya yi buhu.

Mai son gashin tumaki na gaske ba tare da tsadar oda daga waje ba, ya leƙa wajen 'yan gwanjo. Suwaita da yawa da ake zubewa a lokacin sanyi na gashin tumaki ne, kuma takardar da ke wuya ko a gefen ciki tana faɗa. Abin dubawa kafin a biya kuɗi shi ne ɗinkin gefe. In an yanka saƙar ne aka bi bakinta da keken ɗinki, kamar yadda ake yi wa singileti, to kowane layi an datse shi, guntaye masu tsayin kamu ɗaya kawai za a samu. In kuwa an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa su da ɗinki mai kama da sarƙa, ana warware ɗinkin sai hannu guda ya warware da zare ɗaya tiryan-tiryan. Zaren zai fito a murmurɗe. Sai a naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure shi wuri huɗu, a jiƙa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, a rataye a inuwa ya bushe ya miƙe.

Maganar kauri ta fi sauƙi. A ɗauki fensir, a naɗe zaren a kai, naɗi kusa da naɗi ba tare da ja ba, har ya rufe inci ɗaya, a ƙirga. Guntun da ya ba da naɗi 14 da wanda ya ba da 13 za su zauna lafiya. Mai 14 da mai 9 ba za su zauna ba: inda mai kaurin yake zai bankaɗe, inda siririn yake zai yi raga-raga. Siraran biyu kuwa ana iya haɗa su a saƙa tare su tsaya a matsayin mai kauri ɗaya, kuma launin da suke bayarwa in sun cakuɗe yakan fi kowannensu kyau. Jan zare da baƙi da shuɗi mai duhu, a jiƙa guntunsu a matse a cikin farin ƙyalle tukuna. Wanda ya zuba, kada a sa shi kusa da fari.

Awo kafin saƙa

Safa ana yin ta ne ta ɗan fi ƙafa ƙanƙanta, don ta tale ta kama. Masu saƙa sukan rage kashi ɗaya cikin goma. A sa tef ɗin tela a zagaye ƙafa a wurin da ta fi faɗi, wato gindin yatsu. A ce an samu santimita 23. A rage kashi goma cikin ɗari, saura wajen 21. Sai a saƙa ɗan gwaji da zaren da tsinken da za a yi aikin da su, a ƙirga ido nawa ne a santimita ɗaya, ido kuwa shi ne kowane zoben zare da ke kan tsinke. In an samu uku, to 21 sau uku 63 ke nan, sai a mai da shi 64, domin lissafin dunduniya da na yatsu ya fi tafiya daidai da adadin da huɗu ke rabawa. Da siririn zaren safa, babban mutum yakan faɗa tsakanin ido 60 zuwa 72, da tsinke mai kaurin milimita 2.25 zuwa 2.75. Da ulun kasuwa mai ɗan kauri, arba'in da wani abu ya isa.

Kowane iri ne dai, a ɗauki tsinken da ya fi wanda aka saba yi wa wannan zare siranta. Saƙar rigar jariri ana son ta da laushi da sakewa, ta safa kuwa a matse ake son ta, yadda in aka ɗaga ta ga hasken taga ba za a ga ƙofofi ba. Saƙa mai sako-sako tana barin zare ya riƙa gugar ɗan'uwansa a kowane taku, ta huje da wuri, ga shi kuma tafin ƙafa yana jin kowane ido.

Ana saƙa ta ne a zagaye, da tsinke huɗu ko biyar masu tsini gaba da baya, ko da tsinke biyu da igiyar roba ta haɗa. Wanda bai iya zagaye ba yana iya saƙa ta a shimfiɗe da tsinke biyu ya ɗinke daga baya, amma ɗinkin ya bi gefen ƙafa, kada ya ratsa tafi. Kwarashi fa? Yana yin takalmin jariri mai kyau da safar zaman ɗaki. A cikin takalmi kuwa ban ba da shawararsa ba, domin saƙarsa ta fi kauri, ba ta talewa sosai, kuma ƙululunta suna cizon tafin ƙafa.

Sikelin kicin mai nuna giram yana da amfani a nan ƙwarai. Duk guntun da ake so ya bayyana a ƙafa biyu, a auna shi a raba biyu tun kafin a fara, in ba haka ba ta dama za ta cinye koren zaren duka, ta hagu ta tashi a tutar babu. Wasu masaƙa ba su damu da wannan ba sam, kowace ƙafa da kalarta, kuma a ganina ba laifi, muddin bakin sama da dunduniya da yatsu launi ɗaya ne a duka biyun. Wannan kaɗai ya isa ido ya karɓe su a matsayin abokan juna. Mai tsoron kada zare ya ƙare masa a hanya ya fara daga yatsu ya yi sama. Inda zare ya ƙare, nan tsawon safa ya tsaya.

Inda aikin yake

Guntaye goma na nufin mahaɗa tara da jela ashirin, kuma a nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Kada a yi ƙulli. Ƙullin da ba a ko lura da shi a jikin hula, a ƙarƙashin ƙafa tsakuwa ne, kafin azahar ya tayar da bororo. Kuma ƙulli yana kwancewa a wanki.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar jela mai tsayin santimita 10 zuwa 15 a tsohon zare da sabo, a ci gaba da saƙa, daga baya a zura kowace jela a babbar allura a bi da ita ta cikin saƙar, a yi gaba a dawo baya. Wata hanyar, wadda masaƙan Turai ke dangantawa da Rasha, ita ce a sarƙe zaren biyu, a mai da jelar kowanne da allura cikin cikinsa, sai su zama zare ɗaya babu abin da ke lilo. Gashin tumaki zalla kuma yana da tasa dabarar: a tsefe bakin biyu, a ɗora su kan juna, a ɗan jiƙa, a murza a tafin hannu har ya yi zafi, sai su manne. Wannan ba ta aiki a kan akirilik, ko a kan gashin da aka gyara don wankin inji. Ko wacce aka bi, a sa canjin launi ya faɗo a bayan ƙwauri ko a gefen ƙafa, ba a tafi ba, ba kuma a kan yatsu ba.

Akwai kuma hanyar rage mahaɗar tun farko. In ratsin siriri ne, zagaye biyu ko uku, ba sai an yanke zare ba. A bar shi yana rataye ta ciki, in lokacinsa ya zo a ɗauko shi, kada dai a ja shi da ƙarfi har saƙa ta tattare. Zare ɗaya mai launi natsattse, toka-toka ko ruwan ƙasa, in aka riƙa sa shi a tsakanin masu haske, yana hana safa zama hayaniya.

Dunduniya da yatsu su ne ke fara mutuwa, saboda haka guntun da ya fi kowanne ƙarfi da murɗi a ajiye musu shi. Zare mai laushi wanda ke tsinkewa in an ja shi da hannu, a kai shi ƙwauri, can ba abin da ke taɓa shi. Ga mai aiki da ragowar zare, akwai salon dunduniya da ya fi sauran dacewa. In an iso inda za ta kasance, sai a saƙa rabin idon da wani zare na aro mai launi daban, a koma a bi ta kansu da zaren aiki, a ci gaba har yatsu kamar ba dunduniya a lissafi. Bayan an gama sai a zare na aron, wata ƙofa ta buɗe, a kwashe idon da ke bakinta sama da ƙasa, a saƙa dunduniya ana ragewa kamar yadda aka rage wajen yatsu. Ranar da ta huje, warware ta kawai za a yi a saƙa sabuwa, sauran safar na nan lafiya.

Rufe bakin yatsu kuma ana yin sa da allura ta yadda ba a jin ɗinki. Masu saƙa a ƙasashen Ingilishi suna kiran wannan rufi da sunan Kitchener, sakataren yaƙin Birtaniya a 1914, shi ne dai wanda ya ci Omdurman a 1898. A Yaƙin Duniya na Ɗaya safa ba ƙaramin abu ba ce: sojoji suna tsaye kwana da kwanaki cikin ramuka masu ruwa da taɓo a Faransa da Beljiyam, ƙafafunsu na ruɓewa, maganin farko kuwa busasshiyar safa. Mutanen Ostireliya kaɗai sun saƙa sama da miliyan ɗaya aka aika fagen daga.

Safa mai ratsi ta girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai wata 'yar safar yaro ta ƙafar hagu, da aka tono a juji a tsohon birnin Antinoupolis na Masar, an yi ta wajajen shekara ta 300 miladiyya. Ratsinta kala-kala ne, kuma binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna daga tsiro uku kacal aka samo rinin, ɗaya mai ba da ja, ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi irin na baba, sauran launukan haɗi ne. Da allura ɗaya aka yi ta, domin saƙa da tsinke irin tamu sai daga baya ta bayyana, kuma tsofaffin samfuranta da suka rage su ma daga Masar suke, safunan auduga fari da shuɗi na zamanin daulolin Musulunci, daga wajajen ƙarni na 11. Abin da ya fi jan hankalina a safar yaron shi ne an raba wa babban yatsa ɗakinsa daban, don igiyar takalmi ta samu wurin shiga. Ga mutanen da silifa ce takalminsu na kullum, wannan dabara ce ta ɗauka. In an iso gindin yatsu, a ware kimanin kashi ɗaya cikin uku na idon ga babban yatsa, a ƙara ido uku ko huɗu a tsakani, a saƙa kowane ɗaki daban. Sai dai a tuna yanzu akwai ta dama akwai ta hagu.

Kada wanda zai fara ya ɗauka sana'a ya samu. Safa ɗaya ta babban mutum da siririn zare tana cin ido sama da 10,000, ga ta biyu tana jira, alhali ta inji ana sayar da ita a bakin titi da kuɗin da bai kai na ƙwallon zare ba. Tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham, a yau kuwa hannu ba ya gasa da ƙarfe a farashi. Ta hannu ana yin ta ne don ƙafar da aka auna, da zaren da dama asara zai bi.

Sawa da wanki

Ta gida ta fi ta kanti kauri, saboda haka takalmin da ya zauna cif da siririyar safa zai matse. Ta akirilik ta fi dacewa da dare da sanyin asuba, daga Disamba zuwa Janairu lokacin da hunturu ya kankama, ko a wurare irin su Jos da Mambila. A bar wa gashin tumaki wunin takalmi. A kan tayil kuwa kowace iri tana santsi, tsofaffi da yara masu guje-guje a kula da su.

Ƙafa mai kaushi da faso tana cin safa kamar zarto. Mai shafa basilin da dare ya sa safa don dunduniya ta yi laushi yana kan hanya, amma ya ware tsohuwa guda don wannan aiki, domin maiƙo ba ya fita da sauƙi. Bayan alwala a tsane ƙafa sosai, musamman tsakanin yatsu, kafin a mayar da ita.

Mutum biyu ne ake ƙara yi wa taka-tsantsan. Mai ciwon suga sau da yawa jin ƙafarsa yana raguwa, ɗinki ko ƙulli zai iya ji masa ciwo bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Tasa ta zama marar ƙulli, marar ɗinki, bakinta kuma kada ya shaƙe ƙwauri har ya bar shaida. Na biyu jariri. Kafin a sa masa, a juya safar ciki waje a duba: zare ɗaya mai lilo, ko gashin kai da ya maƙale a wanki, yana iya naɗe ɗan yatsansa ya tsayar da jini. Jaririn da ke ta tsala kuka an rasa dalili, a cire masa safa a duba yatsunsa.

Wanki da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, da sabulu marar ƙarfi. A matsa a hankali, ba cuɗa, ba murɗawa, a naɗe ta a tawul a danne, a shimfiɗa a inuwa. Bilic yana cinye gashin tumaki, dutsen guga kuma yana kashe akirilik, ya saki har abada.

Sanyinmu gajere ne, don haka safa ta fi daɗewa a ajiye fiye da a ƙafa. A wanke ta tas kafin a ɗaga, domin asu ya fi bin gashin da ke da gumi a jiki, a sa ta a leda ko roba mai murfi bayan ta bushe sarai. Kayan jarirai kuwa kada a zuba musu ƙwallayen kafur. Sinadarin da ke cikinsu yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, abin da ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, ya jawo shawara mai tsanani.

Duk lokacin da aka wanke, a zura hannu a ciki a duba dunduniya da ƙarƙashin babban yatsa. Inda zare ya fara sirancewa har ana hango fatar hannu, a bi shi da allura da sabon zare tun bai ɓarke ba, ana bin sawun kowane ido. In kuma ta riga ta huje, a cusa ƙaramin ludayin duma ko lemo a ciki ya tale wurin, a jera zare a tsaye daga baki zuwa baki, a zarce ramin da santimita ɗaya ta kowane gefe, sannan a ratsa su a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, har ramin ya cike. Don wannan ranar ake ajiye ɗan guntu daga zaren da aka yi dunduniya da shi, mita uku ko huɗu sun isa.